Ƙofofin Narniya: Wace Hanya Ce Ke Aiki, Wace Ce Hasashe Kawai?

Wasiƙun wannan karo kusan duk sun taru a kan abu guda: yadda ake tsallakawa daga wannan duniya zuwa wata a littattafan Narniya, wata ƙasar tatsuniya mai dabbobi masu magana, guda bakwai da marubucin Birtaniya C. S. Lewis ya fitar daga 1950 zuwa 1956. Masoyan littattafan sun daɗe suna ƙulla hasashe a kan wannan, wani da hujja, wani kuwa son rai ne zalla. Ga ma'aunin da muke aiki da shi: abin da ke cikin littattafan shi ne a gaba, sai wasiƙun da Lewis ya rubuta wa yara masu karatu, sai a ƙarshe jadawalin shekarun Narniya da Walter Hooper, wanda ya taɓa zama sakataren Lewis, ya buga a 1979, shekaru da dama bayan rasuwar Lewis a 1963. Wanda bai gama karatu ba ya sani, za mu tona ƙarshen labari.

Assalamu alaikum. Na ga ana cewa zoben rawaya na tafiya ne, kore kuma na dawowa gida. To me ya sa koren ya kai su Digory wata duniyar da ba tasu ba? Daga wata ɗaliba, Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Wannan kuskuren na Kawu Andrew ne, kawun yaro Digory, mutumin da ya ƙera zobban tsafin a littafin The Magician's Nephew na 1955, kuma masu karatu da yawa sun gaje shi daga bakinsa. Shi bai taɓa gwada abin a jikinsa ba. Ɓerayen masar yake ɗaura wa, wasu suka mutu, wasu suka fashe, ɗaya ya ɓace, daga nan sai ya yaudari yarinyar maƙwabta, Polly, ta taɓa zoben rawaya alhali ba ta da kore.

Ga yadda abin yake a zahiri. An yi zobban ne da wata ƙura da aka samo daga wani kurmi da ke tsakanin duniyoyi. Kurmin nan ba duniya ba ce, mahaɗa ce, kamar tsakar babban gida da kowane ɗaki ke buɗewa cikinta. A ƙasansa akwai ƙananan kududdufai birjik, taku kaɗan tsakanin wannan da wancan, kuma kowanne mashigar duniya guda ce. Zoben rawaya yana jan mutum zuwa kurmin daga ko'ina yake, ba ruwansa da kududdufi. Kore kuwa yana fitar da mutum daga kurmin, amma sai ya tsaya cikin kududdufi, kuma kududdufin da ya taka shi ke zaɓar masa inda zai faɗa. Koren bai san gida ba.

Matafiyi mai hankali zai bi wannan tsari. Ya ɗauki zobban da safar hannu, domin taɓawa kaɗai ta isa, ba sai an sa a yatsa ba. Ya raba musu aljihu, kore a dama, rawaya a hagu. Ya taɓa rawaya, ya ɓullo ta kududdufin duniyarsa, kuma zai ga ko jiƙewa bai yi ba. Kafin ya yi taku ko ɗaya, ya yi wa kududdufin alama. Digory ya yanke wani dogon zirin ciyawa ne da wuƙar aljihu har jar ƙasa ta bayyana, shi ma sai da Polly ta tsayar da shi, don har sun juya za su tafi. Kududdufan duk kamarsu ɗaya, itatuwan ma haka, wanda ya ɓatar da nasa ya ɓata ke nan. Bayan alama sai ya canja zuwa kore ya taka wanda yake so.

Inda abin ke lalacewa uku ne. Na farko, a faɗa kududdufi da rawaya a hannu: ba inda za a je, sai dai a jiƙa ƙafa, kuma sau biyu yaran suka yi wannan. Na biyu, kurmin kansa yana da kasala mai daɗi, mutum ya mance sunansa da abin da ya kawo shi. Polly da Digory sun kalli juna ba su gane juna ba, sai da suka ga ɓeran masar ɗin nan da zobe ɗaure a jikinsa sannan hankalinsu ya dawo. Na uku shi ne mafi muni: duk wanda ke taɓa mai zobe yana tafiya tare da shi, da wanda ke taɓa wannan ɗin, har iya tsawon sarƙar. Sarauniya Jadis ta fito daga duniyar Charn ne riƙe da gashin Polly, ta shiga Landan riƙe da kunnen Digory. Da aka zo fitar da ita, Digory ya cafki diddigenta, sai ga doki, ga mai keken doki, ga Kawu Andrew, duk sun biyo. Tafiyar da aka shirya wa mutum uku ta kwashi mutum biyar da dabba.

Malam, in dai itacen kabad ɗin kayan nan na tsafi ne, ai kowa zai iya shiga Narniya ta cikinsa a kowane lokaci. Me ya sa da Lucy ta kawo 'yan'uwanta suka tarar da katako kawai? Daga wani mai sayar da littattafai, Maraɗi

A nan ne yawancin hasashe ke tuntuɓe, ɗan'uwa, domin ana haɗa hanyoyi iri biyu da ba su da doka ɗaya. Akwai hanyoyin da ke aiki da ƙa'ida, ko wa ya bi, mutumin kirki ko azzalumi: zobban, da wasu tsagogi da za mu zo kansu. Akwai kuma waɗanda ba sa buɗewa sai an kira mutum. Kabad ɗin, wanda Lucy da 'yan'uwanta Peter, Susan da Edmund suka shiga Narniya ta cikinsa a littafin farko na 1950, yana cikin na biyun.

Asalinsa sananne ne. Digory ya kawo tuffa daga Narniya ya ba mahaifiyarsa marar lafiya, ya binne ƙwallon a bayan gida a Landan, itace ya fito. Littafin ya ce wani sa'i itacen kan kaɗa ba tare da iska ba, alamar ana iska a can Narniya. Da guguwa ta kayar da shi, sai Digory, wanda ya manyanta a lokacin, ya sa aka yi kabad da katakon. Daga nan masoya suka ciro wani hasashe da muke ganin yana da ƙarfi: kabad ɗin yana buɗewa kusa da wani turken fitila da ke tsakiyar dajin Narniya ne domin a wannan yankin aka shuka uwar itacen. Katakon na nufin asalinsa.

Amma katakon yana nuna inda ne kawai, ba ya nuna yaushe. Duba lissafin: sau uku aka shiga ta ciki a littafin 1950, Lucy ita kaɗai, sai Lucy da Edmund, sai dukan su huɗu sa'ad da suke gudun mai kula da gidan Farfesan da suke zaune a wurinsa da baƙinta. Sau ɗayan da aka je da niyyar tabbatarwa, ba a ga komai ba. A ƙarshe Farfesa, wato Digory ɗin dai, ya gaya musu kada su sake neman shiga ta wannan hanyar, abin zai zo ne sa'ad da ba sa nemansa. Sauran littattafan sun gaskata shi. A Prince Caspian ƙahon Susan aka busa a Narniya ya fizgo su daga tashar jirgin ƙasa. A na gaba hoton jirgin ruwa ne a bangon wani ɗaki ya haɗiye Edmund da Lucy da wani ɗan'uwansu Eustace. A The Silver Chair wata ƙofar katangar makaranta ce da aka saba gani a kulle ta buɗe wa Eustace da abokiyar makarantarsa Jill. Jill ta ɗauka su ne suka kira zaki Aslan, mahaliccin Narniya a labarin, shi kuwa ya nuna mata cewa da bai fara kiransu ba, da ba su kira shi ba. Duk hasashen da ke neman dabarar buɗe irin waɗannan ƙofofi, wai cikar wata ko yanayin ruwan sama, ɓata lokaci ne. Ba su da makulli a wannan ɓangaren.

Na karanta cewa shekara ɗaya a nan daidai take da shekara 25 a Narniya. Gaskiya ne? Daga wani malamin lissafi, Kumasi

Mun san inda aka samo adadin, Malam. Jadawalin Hooper ya sa halittar Narniya a 1900, ya sa zuwan yaran huɗu a 1940, wanda ya yi daidai da shekara ta 1000 a can. A raba 1000 da 40, a sami 25. Matsalar ita ce ba ya sake fitowa ko sau ɗaya.

Yaran sun yi mulki shekara 15, daga 1000 zuwa 1015, suka dawo suka tarar baƙin nan ba su ko bar bakin ƙofa ba. Shekara 15 ke nan a kan sifili. Suka yi shekara ɗaya a Ingila, suka koma a 2303: shekara 1,288 a kan ɗaya. Wata shekarar ta sake wucewa, aka tarar uku kacal suka shuɗe a can. Sai 'yan watanni tsakanin hutun bazara da zangon makaranta na 1942, a can kuwa kusan 50 bisa jadawalin, Sarki Caspian ya tashi daga saurayi ya zama tsoho tukuf. Daga 1942 zuwa 1949 kuma 199 a kan bakwai.

Da masu hasashe suka ga babu adadi guda, sai suka ja da baya suka ce to aƙalla lokacin Narniya kullum ya fi gudu. Wannan ma bai tsaya ba. A The Last Battle, Sarki Tirian yana ɗaure jikin itace ya bayyana kamar fatalwa ga abokan Narniya bakwai suna cin abinci a Ingila. Da Jill da Eustace suka iso gare shi, shi a lissafinsa minti goma bai cika ba, su kuwa sun yi kusan mako guda suna shiri. A nan namu ne ya fi gudu. Wanda ya tsallake wannan wurin bai gama aikin gida ba.

A kuma yi hattara da jadawalin kansa. Wata mai nazarin Lewis, Kathryn Lindskoog, ta yi shakkar ko da hannunsa ya rubuta shi, kuma yana saɓa wa littattafan a wurare biyu da kowa zai iya dubawa. Eustace ya ƙiyasta kimanin shekara 70 ne inda jadawalin ya ce 50. A littafin ƙarshe yaran sun ce rabonsu da Narniya ya ɗara shekara ɗaya, kuma har lokacin 'yan makaranta ne, inda jadawalin ya ba da bakwai. In suka yi karo, littafi muke bi. Abin da ya tabbata a kusan kowace tafiya shi ne ƙa'ida guda: komai daɗewar mutum a can, yana dawowa ne a daidai lokacin da ya tafi.

Ina neman bayani kan Telmarawa. An ce jikokin 'yan fashin teku ne daga duniyarmu. Yaushe suka tsallaka? Daga wata mai karatu, Garwa

Tambayarki ta taɓa hasashen da muka fi girmamawa, 'yar'uwa, don shi littafin da kansa ya tilasta shi. Aslan ya ba da labarin Telmarawa, mutanen da suka ci Narniya da yaƙi, a ƙarshen Prince Caspian: guguwa ta jefa jirgin 'yan fashi a wani tsibiri a tekun kudu, suka kashe mazan tsibirin suka auri matan, rikici ya ɓarke a kan giya, shida suka gudu da matansu suka ɓuya a wani kogo a kan dutse, suka faɗo ƙasar Telmar wadda babu kowa a cikinta a lokacin. Ya ce kogon ɗaya ne daga cikin tsagogin da ke tsakanin duniyoyi, da suna da yawa, yanzu sun yi ƙaranci. Ba wanda ya kira waɗannan mutane. Tsaga ba ta tantance hali.

Ga inda lissafi ke cijewa. An halicci Narniya ne Digory yana yaro, kuma yana raye har lokacin yaƙin duniya na biyu. Ke nan duk tarihin Telmar ya faru cikin rayuwar mutum ɗaya a nan. Jadawalin ya sa zuwan 'yan fashin a shekara ta 460, wanda in aka bi rabon nan na 25 zai faɗo wajen 1918. Amma Aslan ya ce abin ya faru shekaru masu yawa da suka wuce, har zuriyar sauran 'yan fashin da suka zauna a tsibirin ta ƙare ƙaf. Al'umma ba ta kafuwa ta kuma shuɗe cikin shekara ashirin da 'yan kai. Telmarawa kuma da takobi da kwari da baka aka san su, babu ko labarin bindiga. Mafita ɗaya ce: tsagar tana haɗa zamani da zamani, ba wuri da wuri kaɗai ba, mutum ya shiga a ƙarnin da ya wuce ya fito a duniyar da ba a ma halitta ba a ranar da ya shiga. Mun yarda da wannan.

Wasu na miƙa hasashen zuwa ga Kalormenawa, mutanen kudu masu rawani da lanƙwasassun takubba, wai su ma ta wata tsagar suka zo daga Gabas ta Tsakiya. Littattafan ba su faɗi asalinsu ba, jadawalin kuma ya ce 'yan gudun hukunci ne daga Archenland, ƙasar da ke maƙwabtaka da Narniya ta kudu, da suka ƙetare hamada a shekara ta 204. Dalilin da ya sa hasashen ke da farin jini a fili yake: Lewis ya ɗinka musu kamanni ne daga yadda Turawan zamaninsa ke kallon mutanen gabas, kuma an soke shi a kan haka, da gaskiyar masu sukar. Sai dai su masu bautar gumaka ne, babbansu Tash, saboda haka kada a ɗauke su hoton Musulmi kai tsaye.

Me ke iya tsallakawa tare da mutum? Kuma ina matar Beaver ta samo keken ɗinki? Daga wani tela, Kano

Abin da ke jikinka ko aljihunka yana bin ka, wanda ka ajiye a gefe ya zauna. Da ƙaho ya fizgo yaran daga tasha, guzurin 'yan matan yana cikin jakunkuna a can, na mazan yana aljihun kwat, sai aka raba abincin mutum biyu ga huɗu. Kwat huɗu na Farfesa sun zauna a Narniya, haka ma sabuwar tocilar Edmund. Jill ta dawo da tufafin Narniya har ta sa su a wani biki, Eustace ya binne nasa a harabar makaranta. Shekarun jiki kuwa ba sa biyowa: sarakunan da suka girma a can sun faɗo daga kabad suna yara, cikin tsofaffin kayansu. Tsafi ma ba ya tsallakawa yadda yake. Jadis ta yi ƙoƙarin halaka gwaggon Digory da kalmomin tsafi a Landan abin ya ƙi, amma ƙarfin damtsenta na nan, da shi ta ɓalle ƙarfen turken fitila, wanda daga baya ya tsira a sabuwar ƙasar Narniya ya zama fitilar da Lucy ta gani.

Keken ɗinkin matar Beaver kuwa, wata dabbar ruwa mai magana a littafin farko, Malam, bayanin da ya fi sauƙi shi ne sarki da sarauniyar farko na Narniya, wato mai keken dokin nan da matarsa, mutanen Landan ne na wajen 1900, sun san keke, ga kuma wadannin Narniya gwanayen ƙira. Bayanin da ya fi gaskiya shi ne Lewis ya rubuta keken shekaru kafin ya tsara asalin Narniya. Shi da kansa ya rubuta wa wani yaro a 1957 cewa lokacin da yake rubuta littafin farko bai san zai ƙara wani ba.

An ce Jadis aljana ce. To yaya kuma ta zama sarauniyar Charn? Daga wata uwa, Damagaram

Maganar ta fito ne daga bakin Beaver a littafin farko, inda Jadis ce mayyar da ke mulkin Narniya, Hajiya: wai ta wajen ɗaya jinin Lilith ce, wadda ya ce aljana ce, ta ɗaya wajen kuma jinin samudawa. Labarin Lilith daga tsofaffin tatsuniyoyin Yahudawa Lewis ya aro shi. Littafin 1955 kuwa ya nuna ta a matsayin ta ƙarshe a gidan sarautar Charn, wadda ta hallaka duniyarta da kalma guda don kada 'yar'uwarta ta ci yaƙi. Masu son daidaita biyun suna cewa zuriyar Lilith ce ta bi wata tsaga tun fil azal ta kafa Charn. Akwai abin da ke ɗan tallafa musu: ƙurar da aka yi zobban da ita ta zo ne cikin wani akwati daga Atlantis, tsibirin almara da aka ce ya nutse a teku, kuma Kawu Andrew ya ce an kawo ta tun duniyarmu tana sabuwa, ke nan an yi matafiya kafin Digory. Duk da haka mu muna ɗaukar maganar Beaver a matsayin jita-jitar talakawan da suka sha shekara ɗari cikin sanyi a hannunta, suna neman tabbatar da cewa ba 'yar Adam ba ce, don haka ba ta da haƙƙin gadon sarauta.

Bayan hatsarin jirgin ƙasa, Susan ce kaɗai ta rage. Ashe ba za ta gaji zobban ta koma Narniya ba? Daga wata malamar firamare, Gombe

Wannan hasashe ya samo tushe mai kyau, Malama. Aslan ya umarci a binne zobban don kada a sake amfani da su, aka binne su kewaye da itacen tuffa. A littafin ƙarshe Peter da Edmund suka yi shigar ma'aikatan gyaran magudanar ruwa, suka shiga bayan gidan da sassafe suka tono su, suka aika telegiram cewa an samu. Suna tsaye a tasha suna jiran jirgin da ke ɗauke da sauran sai jirgin ya yi hatsari. Ba a taɓa amfani da zobban ba. Jill da Eustace sun tsinci kansu a Narniya ba tare da su ba, iyayen su Peter ma suna cikin jirgin. Idan an tattara kayan mamatan, Susan ce magajiya. Har nan babu gardama.

Daga nan sai a bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Duk ma'aikacin ceto da ya taɓa rawaya da hannu tsirara shi zai fara ɓacewa, ba tare da kore ba. A ce sun iso hannunta lafiya: rawaya zai kai ta kurmin, wannan tabbas ne, domin zobe ba ya tambayar imanin mai riƙe da shi. Sai neman kududdufin Narniya, wanda ba a taɓa yi wa alama ba. Na duniyarmu kaɗai aka yanke wa ciyawa, na Narniya kuwa doki ne ya taka shi don shan ruwa aka faɗa bisa tsautsayi. Wannan aibin yana cikin shirin su Farfesa tun farko, ko da jirgin bai yi hatsari ba. Na ƙarshe kuma shi ke rufe zancen: da Charn ta ƙare, Aslan ya nuna wa yaran gurbinta a kurmin, busasshen rami da ciyawa. Narniya ma ta ƙare a gaban idon Peter, shi ya ja ƙofar ya kulle da makullin zinariya. Gurbinta zai zama irin wancan.

Narniyar da 'yan'uwanta ke ciki tana ƙasar Aslan ne, kuma babu inda aka nuna kududdufi yana kaiwa can. Waɗanda suka zauna a cikinta ta mutuwa ko ta ƙofar da Peter ya kulle suka shiga, in ban da ɓera Reepicheep da ya haye igiyar ruwan ƙarshen duniya a ɗan kwalekwalensa. Lewis ya amsa wa wani yaro a 1957 cewa littattafan sun bar Susan da rai a wannan duniya, tana da sauran lokaci, kuma mai yiwuwa ta isa ƙasar Aslan ta hanyarta. Bai ambaci zobe ba. Wanda ke son rubuta ci gaban labarinta yana da kore, yana da rawaya, yana da kududdufai marasa adadi da ba a taɓa shiga ba, sai dai ya cire na Narniya da na Charn daga lissafi.